Ƙahon Ƙarfe Shida

Garzali ya iso gida a watan Yuli, lokacin gero ya kai gwiwa. Motar Maraɗi ta aje shi bakin kwalta, ya ƙaraso da ƙafa, jakar soja a kafaɗa, kai a aske ƙwal. Ƙanena ne, shekararsa goma sha takwas. Shida daga cikinsu a makarantar soja ta Yamai ya yi su. Yana ɗan shekara goma sha biyu ya ci jarrabawar shiga, Baba ya je buro, wato ofishin hukuma, ya dangwala babban yatsansa a takardar da ta ce in yaro ya gama karatu zai yi wa ƙasa aikin soja shekara goma. A lokacin ba wanda ya tsaya kan wannan layin. Inna ta fi damuwa da ko ana ba su fura a can.

Ni na gama jami'a a Maraɗi, ina zaune gida a Gazawa ina jiran a tura ni koyarwa. Ba ni da aiki sai kai abinci gona da kallon mutane. Shi ya sa na lura da yadda Garzali ya koma. Yakan naɗe bargonsa kusurwa huɗu, ya cinye tuwo kafin Baba ya kai loma ta biyar, in kuma aka kira sunansa ba zato, kafaɗunsa ke fara amsawa. Amma da ya ɗauki balo sai duk wannan taurin ya narke. Da sassafe, kafin a tafi noma, yakan fita bayan gida wurin gawon da ya zubar da ganye kamar yadda ya saba yi da damina, ya yi ta ɗaga balo daga ƙafa zuwa cinya, daga cinya zuwa goshi. Tururin ƙasa na tashi tsakanin kunyoyi, ya rufe shi har ƙugu. Daga inda nake leƙe ta saman darni, sai in ga kamar wani ne ke tafiya cikin ruwa ɗauke da wata a ka, yana tsoron kada ya jiƙe.

Wata rana na kai musu fura gona. Baba ya sha ya koma gefe yin azahar, Garzali ya matso kusa da ni.

"Yaya Hafiza, in na gaya miki magana kina iya riƙe ta?"

"Wa nike wa magana a garin nan in ba kaji ba?"

Ya yi murmushi, sannan ya faɗa mini yana kallon ludayi. Akwai wani mutumin Katsina, Koci Dikko, mai nema wa wata babbar ƙungiya ƴan wasa. Ya ga bidiyon gasar makarantu inda Garzali ya ci wa makarantar soja ƙwallo uku, ya nemo lambarsa. Zai zo da kansa ranar Juma'ar ƙarshen watan Agusta, ranar wasan ƙarshe na kofin bakans, gasar garuruwa ta lokacin dogon hutu, ya gani da idonsa. In abin ya yi masa, washegari da safe su tsallaka iyaka tare.

Na ce, "To ka nemi izni a makaranta mana."

"Na nema." Ya gyara zama, ya kumbura murya irin ta kaftin ɗinsu. "Ɗalibi Garzali, murhu duwatsu uku ne: littafi, aiki, wasa. Ka cire ɗaya, tukunya ta kife. Shi ya sa wanda makinshi bai kai sha biyu cikin ashirin ba, ba ya taɓa mana balo. Mun bar ka wasa ne don ka zama hafsa nagari, ba mu sa ka hafsa don ka yi wasa ba." Ya saki muryar. "Ya ce in na gama in buga wa ƙungiyar soja, ranar da ba aiki."

"In ka tahi ba izni fa?"

"Sunana gujajje. Ba ni sake shigowa Gazawa sai a ɓoye, kamar mai fataucin mai."

"In ka zauna?"

"Shekara guda in gama wannan makarantar, uku a ta hafsoshi, goma a aiki. Haɗa, ke ce mai digiri."

"Talatin da biyu."

"Ɗan gaba mai shekara talatin da biyu. Ko tsofaffin Gazawa sai sun yi shawara kafin su ɗauke ni."

Daga nan ya kwanta rigingine a kan kunya, ya sa hannu ƙarƙashin kai, ya shiga ba ni labarin filayen da bai taɓa takawa ba. Ya ce akwai inda ciyawa ke shan ruwa daga ƙarƙashin ƙasa, ba a jiran hadari. Ya ce in mutum dubu arba'in suka ja numfashi lokaci guda, ɗan wasa na jin iskar a bayan wuyansa. Yana magana girgije na wucewa samanmu a hankali, inuwarsa na bin geron gona bayan gona har ta nufi kudu, inda Najeriya take. Na bi ta da ido. Ba wanda ya tambaye ta takarda.

Watan Agusta ya zo da ruwa sosai. Gero ya fi mutum tsawo, hanyoyi suka zama lunguna kore, in amalanke ya shiga ba ka ganin komi sai kunnuwan jaki. Ƙungiyar Gazawa ta yi ta ci, ta fitar da ƙauye bayan ƙauye. Kaftin ɗinta Bilyaminu ne, ɗan gwaggonmu, taubashinmu ke nan, wanda ke kabu-kabu tsakanin gari da iyaka. Shi ne na ukun da ya san maganar, kuma shi zai ɗauki Garzali a moto, wato babur ɗinsa, in ranar ta zo. Bai taɓa kiran shi da sunansa ba.

"Janar, a taimaka a ba talakawa balo," yakan ce in Garzali ya riƙe shi da yawa. In ya shigo gidanmu kuwa sai ya ƙame bakin zaure ya sara da hannun hagu. "Inna, Janar ya tashi? A gaya mishi direbanshi ya iso."

Inna ta ce, "Direban da ya hi maigida ci. Shigo, ga ɗumame nan."

Duk kwanakin nan Garzali bai bar littafi ba. In an dawo daga gona yakan zauna da lissafinsa na ajin ƙarshe har la'asar. Na taɓa tambayar shi amfanin me zai yi masa in tafiya zai yi. Ya ɗaga kai kamar na tashe shi daga barci, ya ce, "Lokacin karatu ne ai," ya ci gaba.

Ranar Juma'ar, hadari ya haɗo tun ana huɗuba. Aka yi ruwa har bayan la'asar. Wasan da aka saba farawa ƙarfe huɗu a gama kafin shida bai samu farawa ba sai wajen biyar saura, bayan samari sun share ruwan da ya kwanta bakin raga da tsintsiya da faranti. Filin na bayan barikin gardi, dakarun da ke tsaron gari, katanga ce kawai tsakani, ana hango sandar tuta ta samanta. Mutanen Agiye, garin da za mu kara da shi, sun zo da motoci biyu da makaɗi. Mu mata muka tsaya can gefe ƙarƙashin dogon yaro, ruwa na ɗiga mana a mayafi.

Na gane Koci Dikko ba tare da an nuna mini shi ba. Gajere ne mai tumbi, da hular hana sallah da ƙaramin littafi, shi kaɗai ne a filin ba ya bin balo da ido. Garzali yake bi.

Agiye suka fara ci. Kafin hutun rabi Garzali ya rama da ka, ya tashi sama ya daɗe kamar an manta da shi a can. Bayan an dawo wasa ya yi nauyi, taɓo ya kama ƙafafu, kowa ya koma launin ƙasa. Rana ta fito daga ƙarƙashin girgije daf da faɗuwarta, ta zuba wani haske ja a kan filin, kowane kududdufi ya ɗauki wuta. Ƴan wasan suka zama kamar masu gudu a kan sararin sama.

Saura kaɗan a tashi, Bilyaminu ya kwaso wani balo daga tsakiya ya jefa gaba. Garzali ya tare shi da ƙirji. Ya wuce mutum ɗaya, na biyu ya zame ya zauna cikin ruwa. Mai tsaron gida ya fito da gudu, Garzali ya kauce masa ta hagu kamar mai kewaye tsohuwa a kasuwa. Raga ta rage ba kowa, taki biyar a gabansa. Makaɗin Agiye ya bar kiɗa.

Sai ƙaho ya tashi daga bayan katanga.

Ƙarfe shida ne, gardi na sauke tuta. Kullum haka ake yi, kuma kowa a Gazawa ya san in kana wucewa ta ƙofar bariki a lokacin sai ka tsaya har a gama. Amma ba a taɓa kai wa shida ana wasa ba, ba kuma wanda ya taɓa tunanin dokar ta tsallako katanga ta shigo fili. Alƙalin wasa bai busa ba. Ƴan kallo ko juyawa ba su yi ba.

Garzali ya tsaya. Ba sannu a hankali ba, cak, kamar an ja masa linzami. Ya juya ya fuskanci tutar, dugadugansa suka haɗu, hannuwansa suka miƙe a cinya, haɓa sama. Balon ya ci gaba da gangarawa shi kaɗai. Ya tafi, ya tafi, ya shiga ɗan ruwan da ya rage bakin raga, ya juya sau ɗaya, ya tsaya. Tsakaninsa da layi bai kai taƙi guda ba.

Na ji filin ya yi tsit har ina jin ɗigar ruwa daga ganye. Tutar na saukowa a hankali cikin jan hasken, ƙahon na jan muryarsa. Wani ɗan bayan Agiye da ya biyo a guje shi ma ya rage sauri, yana duba ko an busa ne bai ji ba. Ya dubi alƙali, ya dubi Garzali. Sannan ya taka a hankali kamar mai satar kaza, ya sa ƙafa ya fyaɗa balon waje.

Ƙahon ya ƙare. Na ga kafaɗun Garzali sun sauka. Ya waiwaya inda ya bar balon, ya ga babu.

Abin da ya biyo baya ba sai na faɗa duka ba. Mutanen Agiye sun yi dariya har wasu na zama a taɓo. Namu sun yi zagin da ban san suna da shi ba. Aka je bugun fanareti cikin duhun magariba, Agiye ta ɗauki kofi, makaɗinsu ya ƙirƙiro waƙa nan take a kan sojan da ya sara wa raga.

A gida Baba ya dawo daga masallaci ya iske Garzali na wanke taɓo bakin randa. Ya tsaya yana kallon shi.

"An ce ka tsaya ma tuta."

"E, Baba."

"To ai ba laifi ba ne." Ya juya zai wuce, sannan ya ce, "Amma da ka tura shi ciki sannan ka tsaya, da ta jira ka. Tuta ba ta gudu."

Ya shige ɗaki. Garzali ya ci gaba da cuɗa ƙafarsa, wadda ta riga ta fita tun ɗazu.

Na ɗauka magana ta mutu. Amma da gari ya waye ya same ni a madafa ya ce Koci ya aiko, yana jira a bakin gari, hanyar kudu. Ya roƙe ni in sa kayansa cikin kwando in rufe da faifai kamar abincin gona, in biyo shi a baya, don kada Baba ya gan shi da jaka. Kayan ba yawa: takalman wasa, riga biyu, takardar haihuwa. Na ɗora a ka na bi shi. Hanyar ta ratsa cikin gero, raɓa ta jiƙa mini zane har gwiwa. Yana gabana, ba ya sauri, ba ya waiwaye.

Mun iske su ƙarƙashin wata tsamiya. Bilyaminu na zaune kan motonsa, Koci Dikko na kan na wani ɗan kabu-kabu, yana cin gyaɗa. Da Bilyaminu ya hango mu sai ya diro ya ƙame.

"Kowa ya tsaya, ga Janar. Koci, aje gyaɗar nan, ana sauke tuta."

"Bilya, bari," in ji Garzali.

"In bari? Kofi na hannuna, ina jin sanyinshi. Ka san nawa munka yi muna jiran mu ci Agiye? Jiya ko uwata ba ta amsa mini sallama ba."

Koci Dikko ya yi dariya, ya kakkaɓe hannu, ya miƙa wa Garzali. Ya gaishe ni da kai.

"Yaro, shekara ashirin ina wannan aiki, na ga wanda ya tsaya don tsoro, na ga wanda ya tsaya don an saye shi. Ban taɓa ganin irin naka ba. Amma abin da ka yi kafin ka tsaya, shi na zo gani, kuma na gani. Hau mu tafi."

Garzali bai motsa ba. "Ko bayan abin jiya?"

"Wannan ba ciwo ba ne, sabo ne. Na karɓi yaran da ba su iya cin abinci da cokali ba, yanzu suna ƙasar Larabawa. Wata uku a wurina, ko a kunnenka aka busa ƙahon nan ba za ka ji ba."

"Ana mantawa?"

"Kowa na mantawa. Da ƙahon, da kaftin, da lambar da suka ba ka. Ka bar mini wannan."

Iska ta taso ta bi ta kan geron, ya kwanta ya tashi. Garzali ya juya yana kallon gonakin kamar ana kiran shi daga ciki. Da ya yi magana, ba Koci ya duba ba, ni ya duba.

"Yaya, jiya ban yi niyya ba. Na ga ragar, na san inda zan sa shi. Sai na ji ni a tsaye." Sannan ya ce, "Mu ɗari uku muke tsayuwa kullum ƙarfe shida. Na ƙarshen layinmu, Mubarak, ba ya iya tsayuwa bai yi atishawa ba. Jiya da ƙahon ya tashi, wallahi jira nike in ji atishawarshi. Ban tuna da akwai wasa ba sai da aka gama."

Bilyaminu ya sunkuyar da kai yana murza madubin moto.

"Duk daren jiya haushin kaina nike ji," Garzali ya ci gaba. "Na ce gara in tahi in huta da abin. Yanzu da ya ce ana mantawa, sai na ji ban so."

Koci Dikko ya cire hularsa ya shafa kai. "Ka fahimci abin da kake yi? Ni ba na dawowa baɗi. Baɗi akwai wani yaron, a wani garin. Ƙafar nan taka ba ta jiran shekara goma sha huɗu."

"Na sani."

"Za ka tsaya a wani daji da bindiga, ka ji ana faɗin sunan wani a rediyo, wanda bai kai ka ba."

"Na sani, Koci. Ka yi haƙuri da wahalar da ka sha."

Koci ya daɗe yana kallon shi. Sannan ya mayar da hula, ya ce Allah ya taimaka, ya taɓa kafaɗar ɗan kabu-kabunsa. Moton ya shiga tsakanin gero, muka bi ƙararsa da kunne har ta zama kamar kukan sauro, sannan babu.

Garzali ya zauna a saiwar tsamiyar. Ya ɗora hannuwansa a gwiwa. Na sauke kwandon na zauna kusa da shi. Wasu balbelu suka wuce samanmu a jere, farare tas, ba su ko kaɗa fiffike.

Bilyaminu ya tura motonsa ya matso.

"To Janar," ya ce a hankali, "tunda ka hana ni kofi, ka hana ni kai fasinja iyaka, sai ka hau in maida ka. Hafiza, ke ma hau. In munka iske gardi a hanya ka yi mini magana tun da wuri, birkina ba shi da kyau."

Garzali ya yi wata ƴar dariya da ba ta fito duka ba. Ya share fuska da gefen riga, ya tashi.

"Ba gida ba. Kai ni gona, Baba na can shi kaɗai."

Kwana tara bayan haka hutu ya ƙare. Ya sa kakinsa tun da safe, Inna ta cika masa jaka da ƙuli-ƙuli da yaji, Baba ya raka shi bakin kwalta. Motar Maraɗi ta zo a cike, aka matsa masa wuri kusa da ƙofa, ya shiga.